Wai "disturbance" damuwa ce, tarzoma ce, ko rashin barci?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah kalmar nan disturbance ce ta ɗaure min kai. Ni dai a sanina damuwa ce ko takura, shi ya sa in zan tura wa ogana saƙo da dare nake farawa da 'sorry for the disturbance sir'. To shekaranjiya wata abokiyar aikinmu ta gani ta ce wai ba daidai ba ne. Kuma a takardar asibitin mahaifiyata na ga an rubuta 'sleep disturbance', sannan ga wani yaron unguwarmu an kai shi kotu an ce laifinsa 'inciting disturbance'. Wai duk kalma ɗaya ce take wannan aikin? Kuma tsakanin ni da abokiyar aikin nan wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, shi kuma yaron Allah ya fitar da shi. In na fahimce ka, abu biyu kake so ka sani, na farko yadda aka yi kalma ɗaya ta shiga saƙon waya ta shiga takardar likita ta kuma shiga kotu, na biyu kuma a raba muku gardama kai da abokiyar aikinka. Na biyun zan bar shi sai can ƙasa don in ka gane na farkon shi ma zai zo maka da sauƙi. Amma bari in fara kwantar maka da hankali, eh kalma ɗaya ce, kuma ba kai kaɗai ta taɓa rikitawa ba, ni ma da nake koyar da Turanci nake kuma aikin fassara ta taɓa kayar da ni, zan ba ka labarin in mun je wurin.

Inda matsalar ta faro shi ne tun muna firamare aka ce mana disturb shi ne damu, shikenan muka riƙe, duk inda muka ga kalmar sai mu manna mata damuwa. Alhali damuwa ɗaki ɗaya ce kawai a cikin gidan, kuma ba ma ita ce babban ɗakin ba.

Asalin kalmar

Disturbance suna ne da aka ciro daga aikatau disturb, aka liƙa masa -ance a ƙarshe, kamar yadda ake ciro appearance daga appear. Shi kuma disturb ɗin ya shigo Turanci ne ta tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13, Faransancin kuma ya gado shi daga Latin, disturbare. A Latin ɗin akwai turba, wato cincirindon mutane masu hayaniya, akwai kuma turbare, wato a yamutsa abu, a hargitsa shi. Daga wannan gidan ne turbulence ya fito, girgizar nan da jirgin sama ke yi har ka ji alhazai sun kama salati, daga nan turbine ya fito, injin da ruwa ko iska ke juyawa irin na Kainji da Shiroro, daga nan turbid ya fito wato ruwan da ya dagule, har trouble ɗin da kowa ya sani dangi ne.

To ka riƙe hoton ruwan nan, ni da shi nake koya wa ɗalibaina. Tafki ne da sassafe, ruwa ya kwanta lakar ta zauna a ƙasa har kana hango ƙasan, sai ga garken shanu sun faɗa ciki, kafin ka ce kwabo ya koma ja wur. Abin da shanun nan suka yi shi ne disturb, halin da ruwan ya shiga shi ne disturbance. Dole sai da wani abu da yake kwance, yana zaman zamansa ko yana tafiya bisa tsarinsa, sannan wani abu ya zo ya dagula shi. Abin da yake kwancen zai iya zama barcinka, zai iya zama zaman lafiyar gari, ko takardun da ka jera a tebur, ko bugun zuciya, ko iskar sararin sama.

Kuma ka lura da wani abin sha'awa, mu ma a Hausa haka muka yi. Ana dama fura, ana dama kunu, sannan mutum ya ce wane ya dame ni. Kaga ashe mu ma da za mu faɗi yadda aka hana mu sakat, wajen ludayi da ƙwarya muka je muka aro magana. In da za a matsa min in kawo maganar Hausa guda ɗaya da ta fi kusa da zuciyar kalmar, ba damuwa zan kawo ba, "ta da zaune tsaye" zan kawo, ko dagulawa. Sai dai ba a ko'ina za su zauna ba, ba za ka ce Hajiya tana fama da ta da zaune tsayen barci ba ai.

Takardar Hajiya

Likitoci suna son kalmar nan sosai saboda faɗinta. In sun rubuta "sleep disturbance" abin da suke cewa kawai shi ne barcin ba ya tafiya yadda ya saba. Zai iya zama ba ta samun barcin da wuri, ko tana yawan farkawa cikin dare, ko ta farka tun ƙarfe uku ya ƙi dawowa, ko munanan mafarkai, kai har yawan barcin da ya wuce kima yana iya shiga ciki. Da Hausa "matsalar barci" ta wadatar, kar ka ce rashin barci kai tsaye don wannan insomnia ne, shi ɗaya ne daga ciki. Haka za ka ga "visual disturbance" ga mai gani dishi-dishi ko gani biyu-biyu ko mai ganin wani walƙiya-walƙiya kafin ciwon kan ɓari ɗaya ya sauko masa, za ka ga "electrolyte disturbance" in sinadaran gishirin jini sun hau ko sun sauka kamar bayan gudawa da amai mai yawa.

Akwai ɗan bambanci da ya kamata ka sani tsakaninta da disorder, don mutane suna tsorata in sun gani. Galibi disturbance bayanin alama ce, likita yana faɗin abin da aka gani ko aka gaya masa, disorder kuma ya fi karkata ga cuta mai suna da aka tabbatar. Ni dai malamin harshe ne, iyakata in gaya maka abin da kalmar take nufi, abin da ya kawo wa Hajiya shi kuma wannan sai ku koma wajen likitan da ya rubuta ku tambaye shi, kuma ku tambaya ɗin, kar ku ji nauyi.

Tunda mun shigo ɓangaren kimiyya bari in ƙarasa maka da sauri. Duk wanda ya yi fiziks a sakandare ya haddace cewa wave wani disturbance ne da yake tafiya yana ɗauke da ƙarfi daga wuri zuwa wuri, yawancinmu mun haddace ne kawai ba mu gane ba, alhali jefa dutse a rijiya ne ka ga da'ira tana buɗewa, ruwan yana kwance ka motsa shi motsin ya bazu. Masu nazarin daji da namun dawa su kuma gobarar daji da ambaliya da sare itatuwa suke kira da wannan sunan, kuma su a wajensu ba lallai mugun abu ba ne, wani dajin sai an ƙone shi sabuwar ciyawa take tsirowa. Na masu hasashen yanayi ya fi burge ni. Hadarin nan namu na farkon damina da ƙarshenta da yake tasowa daga gabas da guguwa da ƙura, ya yaye kwanon ɗaki ya zubar da ruwa cikin awa ɗaya ya wuce yamma, a littattafan jogirafi na Afirka ta Yamma za ka ga ana kiran sa "disturbance line". Wasu daga cikin rikicewar iskar da take bi ta kanmu tana yin yamma, in ta fita teku ta wajen Senigal, ita ce take girma ta zama mahaukaciyar guguwar da take afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan. Can ma matakin farko "tropical disturbance" suke ce masa, in ya haɗa jiki ya zama depression, in gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa ya zama storm a raɗa masa suna, in ya kai 119 ya zama hurricane.

Kotu, da bakin gwamnati

Yanzu ga yaron unguwarku. A nan abin da yake kwance shi ne zaman lafiyar jama'a. Kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, kuma an tsara shi ne a kan na Sudan wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860, yana da laifi biyu a jere masu ɗauke da kalmar nan, sashe na 113 "disturbance of public peace" da sashe na 114 "inciting disturbance". Na farkon kai da kanka ka tayar da hankalin jama'a, na biyun kuma ka yi wani abu ko ka faɗi wata magana da za ta tunzura mutane a samu tashin hankali. Incite shi ne tunzurawa ko ingizawa ko zuga. Don haka in ka ji a rediyo an ce an gurfanar da wane bisa zargin tunzura jama'a ko yunƙurin tayar da zaune tsaye, sau da yawa wannan ne aka fassara. Wasu jihohin sun sake rubuta kundinsu lambobin sun canza, saboda haka a duba abin da aka rubuta a takardar tuhumar, kuma a nemar masa lauya, wannan ba aikin malamin Turanci ba ne.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa kalmar nan a riƙa kallonta da ido biyu. Disturbance kalma ce mai sanyi. Ba ta faɗin wa ya fara, ba ta faɗin jini, ba ta faɗin ko masu yin suna da gaskiya ko ba su da ita, cewa kawai take yi an ɗan dagula lamari. Shi ya sa hukumomi suke ƙaunarta tun zamanin Turawa. A ƙarshen 1929 dubban mata a kudu maso gabashin Najeriya suka tashi a kan jita-jitar za a sa musu haraji da kuma zaluncin sarakunan da Bature ya naɗa musu, aka buɗe musu wuta aka kashe sama da mata 50. Su matan yaƙin mata suka kira abin da harshensu, amma kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a takarda cewa ya yi yana binciken "disturbances" a lardunan Kalaba da Owerri. A Ghana, lokacin tana Gold Coast, ranar 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku a Akara suna tattaki za su kai kukansu wajen gwamna, gari ya kama da wuta, abin da ya hanzarta tafiyar neman 'yancin ƙasar ke nan, to rahoton kwamitin Watson shi ma "disturbances" ya kira shi. Rikicin Kano na watan Mayun 1953 haka gwamnatin Jihar Arewa ta sa wa rahotonta suna. Kuma ba mu kaɗai suka yi wa ba, a Ireland ta Arewa ma rahoton Cameron na 1969 da wannan kalmar aka yi masa take.

Da Turawa suka tafi sai namu suka gaji kalmar da kayanta. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda sai da aka sa sojoji kafin a ga bayansa, kwamitin Mai shari'a Aniagolu da ya bincika sunansa "Kano Disturbances Tribunal of Inquiry", kuma alƙaluman da aka bayar a hukumance mutum 4,177 ne suka mutu. Ka tsaya ka ji wannan, mutum dubu huɗu da ɗoriya, amma kalmar da aka sa ita ce dai wadda za ka yi amfani da ita in janaretan maƙwabcinka ya hana ka barci. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 gwamnatin Babangida ta yi dokar soja mai lamba 2 ta wannan shekarar ta kafa kotuna na musamman na "civil disturbances", da ita aka yi shari'ar Zangon Kataf bayan rikicin 1992, a ƙarƙashinta kuma aka yanke wa Ken Saro-Wiwa, ɗan gwagwarmayar ƙabilar Ogoni, da abokan gwagwarmayarsa takwas hukuncin kisan da aka zartar ranar 10 ga Nuwamban 1995. To kaga kalma mai sanyi a baki amma tana iya kai mutum ga igiya.

Saboda haka ni a aikin fassara ba na taɓa fassara disturbance daga kanun labari, sai na karanta ƙasa na ga me ya faru tukuna. In a taron jam'iyya ne aka yi ta ihu aka jefi juna da kujeru, hatsaniya ce ko hayaniya. In kasuwa ce ta yamutse kowa ya ranta a na kare, hargitsi ne ko yamutsi. In an ƙona taya an fasa shaguna, tarzoma ce. In ɓangare biyu ne suka far wa juna aka yi asarar rai, rikici ne, in ya yi muni ma kashe-kashe zan ce ba na ɓoyewa. In an ce "disturbances" da s a ƙarshe ana nufin abin ya yi ta faruwa nan da can, sai in ce tashe-tashen hankula. Hausa ta fi Turanci rarrabe abin nan, kuma asara ce ka bar duk wannan dukiyar ka ce "an samu damuwa a Kano". A ɗaya gefen kuma a kula, zanga-zanga ba disturbance ba ce sai in ta rikiɗe, protest ce ko demonstration, wanda ya kira zanga-zangar lumana disturbance ya riga ya ɗauki ɓangare ko ya sani ko bai sani ba.

Ga labarin da na ce zan ba ka. Farkon fara aikina aka ba ni wani ɗan labari daga Amurka in mayar Hausa, an ce 'yan sanda sun je wani gida saboda "domestic disturbance". Ni kuwa da ƙarfin gwiwata na rubuta wai 'yan sanda sun je gidan saboda wata damuwa ta cikin gida. Dattijon da yake duba mana aiki ya karanta, ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, su 'yan sandan can har ta'aziyya da ban haƙuri suke zuwa yi ne?" Ashe faɗa ne ya kaure tsakanin miji da mata har maƙwabta suka buga waya, rigima ce ta cikin gida. A labarin dai har wa yau akwai inda aka ce ba a ga "signs of disturbance" a ɗaya ɗakin ba, nan kuma nufinsu ba alamar an yamutsa kaya ko an yi kokawa, komai yana inda yake. Kalma ɗaya, sakin layi ɗaya, fassara biyu. Tun ranar na daina yarda da ma'anar firamare.

Wani wurin kuma da ma'aikata suke cin karo da ita shi ne "disturbance allowance". Wani abokina da ya fara ganinta ya ce ashe har kuɗin damuwa gwamnati take biya, to shi a ba shi na shekara goma. Kuɗin ɗawainiyar tashi ne, in an yi maka canjin wurin aiki daga wani gari zuwa wani ka kwashe iyali da komatsai, an tayar da kai daga inda ka zauna ke nan. A dokokin aikin gwamnatin tarayya an sauya masa suna zuwa "resettlement allowance" amma tsofaffin ma'aikata har gobe tsohon sunan suke faɗa.

To kai da abokiyar aikinka fa?

Gaskiya kowannenku yana da rabi. "Sorry for the disturbance" ba kuskuren nahawu ba ne, jimlar lafiyarta ƙalau, kuma duk Najeriya ba wanda zai karanta bai gane ka ba. Inda take da gaskiya shi ne a kunnen wanda Turanci ne harshen uwarsa jimlar ta yi wa ɗan saƙon waya nauyi. Shi in ya ji disturbance abin da yake zuwa masa shi ne ƙara, hayaniya, wani abu da ya faru har ya tayar da mutane. Mai gini da yake fasa kankare tun asuba zai iya ba maƙwabta haƙuri da wannan jimlar, ko mai otal bayan wasu sun yi faɗa a harabar. Kai kuwa layi biyu ka tura. Abin da suka saba cewa shi ne "sorry to disturb you" ko "sorry to bother you", na biyun ma ya fi yawa a bakinsu, wato da aikatau suke yi ba da suna ba. In kuma kamfani ne ko banki yake ba da haƙuri don netwok ya ɗauke, inconvenience ake cewa, in an katse aiki ne gaba ɗaya kamar yajin aiki ya hana jirage tashi, disruption ne.

Me ya sa mu muke yawan kai hannu ga disturb? Don a zuciyarmu "damu" muke fassarawa, shi kuma damu a Hausa ba inda ba ya shiga. Ciki yana damuna, sai mu ce "my stomach is disturbing me", Bature zai ce bothering ko troubling ko kawai ya ce cikinsa na ciwo. Yarinya ta ce wani yana damunta da kira, sai ta ce "he is disturbing me", a can pestering ne, in ya wuce gona da iri harassing. Yara suna surutu a aji malam ya daka tsawa "stop disturbing!" ya tsaya nan, alhali disturb yana son a faɗi wanda ake damu, "stop disturbing the class". Duk shekara sai wani ɗalibi mai wayo ya ɗaga hannu ya ce to Malam "Do Not Disturb" ɗin da ake ratayawa a ƙofar otal, wanda yake cikin wayoyinmu ma, ina wanda ake damu a ciki? Nakan ce masa ka yi tambaya, wannan rubutun allo ne da aka gutsure, kamar yadda kwalbar magani take cewa "shake before use" ba ta ce a girgiza me ba, amma ba a magana haka. Haka in mutum ya katse ka kana magana interrupt ya yi, in waya tana ɗauke maka hankali daga karatu distraction ce, in maƙwabci kullum sai ya toshe maka ƙofa da mota ya zama nuisance. Mu duk waɗannan disturbance muke ce musu.

Ni ba na cikin masu cewa Turancin Najeriya lalataccen Turanci ne fa. Harshe ne da ya zauna a nan ya sha ruwan nan, har ƙamus ɗin Oxford a Janairun 2020 ya shigar da kalmominmu 29 ciki har da okada da danfo da Kannywood. In kana hira da abokinka ka ce maleriya tana disturbing ɗinka ba wanda ya isa ya ce ka yi laifi. Amma mai makin WAEC da IELTS ba da wannan ma'aunin yake aiki ba, haka wanda za ka tura wa imel a Landan, don haka ka san duka biyun ka san inda za ka ajiye kowanne.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan na gaske shi ne 'yan'uwanta biyu, disturbing da disturbed, don su kuskurensu yana iya jawo ɓacin rai. In an ce hoto ko labari "is disturbing" ba ana nufin yana takura ba, ana nufin abin tayar da hankali ne, irin wanda gidan talabijin ke gargaɗi kafin su nuna. In ka ce "I was disturbed by the news", hankalinka ya tashi da jin labarin, wannan daidai ne. Amma in ka siffanta mutum da kansa ka ce "he is disturbed" ko "a disturbed child", cewa ka yi yana da matsalar ƙwaƙwalwa ko taɓin hankali. Na taɓa gani da idona a wata makaranta da na koyar, wata malama ta cike wa yaro rifot kad ta rubuta "he is a very disturbed boy", ita nufinta yaron ya cika ƙiriniya da surutu yana hana aji karatu. Uban kuwa ya yi karatu a waje, washegari tun kafin a buga ƙararrawa ga shi a ofishin hedimasta da katin a hannu yana tambaya wane likita ne ya duba masa ɗa. Kalmar da take nema disruptive ce. Sai da aka sake kati, ita kuma baiwar Allah har ta bar makarantar ana tsokanarta da shi.

Sauran ƙananan abubuwa kuma, a rubutu -ance ne a ƙarshe ba -ence ba, nan ɗalibai suke yawan zubar da maki. A furuci nauyin yana kan gaɓar tsakiya, dis-TUR-bance, mu kuma mun saba mu daki ta farko. Tana ƙirguwa in kana nufin abu guda da ya faru, "a disturbance outside the stadium", ba ta ƙirguwa in yanayin kake nufi gaba ɗaya, "work without disturbance". Aikatau ɗin da suka fi tafiya da ita cause ne da create, kar ka ce "do disturbance". Sannan "disturbance of the peace" amma "disturbance to the neighbours", wato "of" ga abin da aka dagula, "to" ga wanda abin ya shafa, "in" ɗin Turanci kuma ga wurin da abin ya faru ko tsarin da ya rikice.

Saƙon oga kuma, ka rubuta "Good evening sir, sorry to bother you this late" ka wuce kai tsaye ga abin da ya kawo ka, ba sai ka ƙara wani dogon ban haƙuri ba. Ita kuma abokiyar aikin ka gaya mata Malam ya ce ta ci rabin maki, ragowar rabin sai ta faɗi dalilin da ya sa ta ce ba daidai ba ne.